Ajin Ƙarƙashin Rufi

Ranar Talata aka sa mini jarrabawar koyarwa, darasi na huɗu, aji takwas. Karo na biyu ke nan da zan zauna mata, kuma wanda ya faɗi sau biyu ba a ba shi takardar malanta.

Ɗakin aji takwas yana hawa na uku, daf da rufi. Wata goma na yi da yaran nan, na san su da sanyi, na san su da zafi. Da hunturu suna da raha. Idan ma'aunin zafin da ke jikin bango ya wuce ashirin da takwas kuwa, Jonte yakan fara harbin ƙafar kujerar gabansa, Svea ta daina ɗaga hannu, idonta ya cika da ƙwalla ba dalili. Maganin da na samo guda ɗaya ne: in buɗe taga, in tokare ƙofa da littafi, iska ta ratsa.

An yi ruwa da asuba, rana ta fito ta dafa shi. Iska ta yi nauyi, takardu sun yi laushi a hannu. Dokar makarantar ita ce a sallami yara idan zafi ya kai ashirin da bakwai da ƙarfe goma, amma ma'aunin da ake dubawa yana ƙasa, kusa da ofishin shugaban makarantar, inda rana ba ta shiga. Can ashirin da huɗu ya nuna. Namu ya nuna talatin da ɗaya.

Herr Dallmeyer, shugaban masu jarrabawar, ya shigo da Frau Kessenich, malamar da ke kula da horona. Suka zauna a baya, daidai tsakanin taga da ƙofa. Ban kai ga gama rubuta kanun darasin a allo ba ya dafa wuyansa.

"Iska tana ratsawa, Frau Teichmann," ya ce mini.

Ya tashi, ya cire littafin, ya rufe ƙofar.

"Bara haka ta yi mini," ya ce wa Frau Kessenich ƙasa-ƙasa. "Sati biyu wuyana a ƙage."

"Ai ba ta da kyau ko kaɗan," in ji ta.

Kakata ma da haka ta raine ni, cewa iskar da ke ratsa ɗaki tana sa ciwo. A gidanmu ba a buɗe taga biyu lokaci guda, ko a mota. Na buɗe baki zan ce ko zai koma kujerar gefe, sai na ga ya riga ya cire murfin alƙalaminsa. Na juya ga allo.

Darasin a kan ganuwar da ke tare ruwan teku ne. Minti goma sha biyar na farko sun tafi yadda na tsara. Na raba su huɗu-huɗu, kowace ƙungiya da babbar taswira da alƙaluma masu launi. Daga nan ɗakin ya fara warin rigar wasanni da burodin da ya kwana a jaka. Gumi ya jiƙa bayan rigata. Na ji ƙwas, ƙwas, ƙafar Jonte ta soma.

"Matsa can mana, kana ɗiga kamar famfo," Svea ta ce wa Jonte.

"To gimbiya, ke turare kike ɗigarwa?"

"Ka taɓa ni kuma ka gani."

"Wa zai taɓa ki? Ki fara sanin inda sabulu yake."

Yaran suka yi wata dariya marar daɗi. Na matsa kusa, na ce, "Jonte, ya isa." Murya ta fito mini ƙarama. Ya miƙa hannu zai ɗauki jan alƙalami, damtsensa ya goge gaɓar tekun da Svea ta ɓata minti goma tana zanawa. Tawadar ta bazu a jiƙaƙƙiyar takarda.

Svea ta ɗauki gorar ruwanta ta ƙarfe ta kwaɗa masa a baki.

Jini ya zubo a taswirar. Kujeru suka faɗi. Wata yarinya a gaba ta toshe kunnuwa tana kuka. Na riƙe hannun Svea, yana da zafi kamar na mai zazzaɓi, tana ta cewa, "Ban sani ba, ban sani ba." Frau Kessenich ta fita da Jonte, hankici a bakinsa. Da ta buɗe ƙofar iska ta shigo, na ga yara ashirin da biyar sun ɗaga fuska suna shaƙa. Herr Dallmeyer ya bi bayanta ya mayar da ƙofar. Saura minti goma sha biyu. Na koyar da su. Ban tuna abin da na faɗa ba.

A ofishin shugaba akwai sanyi, har da kofi a kan tebur.

"Shirinki mai kyau ne," in ji Herr Dallmeyer. "Amma ba ki riƙe ajin ba. Alamun rikici sun bayyana tun da wuri."

"Zafin ɗakin ya kai talatin da uku," na ce. "Kullum nakan bar ƙofar a buɗe."

"Me ya hana ki faɗa?"

Na dubi Frau Kessenich. Tana juya cokali a kofinta.

"Aji naki ne a wannan sa'ar," ya ce. "Da kin ce a buɗe, da na naɗe wuyana na yi shiru. Malami shi ke da ɗakinsa." Ya turo mini takardar in sa hannu.

Da zan hau kwaso kayana, na tarar da Svea zaune a kan matakala tana jiran mahaifiyarta. An kore ta kwana biyar. Haƙorin Jonte ya karye.

"Frau Teichmann, kin ci jarrabawar?"

"A'a."

"Saboda ni?"

"Ba saboda ke ba."

Ta murza igiyar jakarta. "Bayan hutu ke za ki ci gaba da ɗaukar mu?"

"Za a kawo muku wani."

Ta matsa gefe ta ba ni hanya. Na hau, na tattara taswirorin, na naɗe mai jinin a tsakiya, na sauka da su na zuba a kwandon takardu na tsakar gida.