Tsifar Iya Ƙande

Kibiyar tsifa tana tsakiyar kan Iya Ƙande sa'ad da direba ya danna oda a bakin titi. Rifkatu ta ɗaga kai, hannunta ya tsaya cak.

"Ci gaba mana," in ji tsohuwar. "Ba ke yake kira ba, akuya ce ta tare masa hanya."

"Ni yake kira, Iya. Tun jiya na kama wuri."

Suna zaune ne a ƙofar ɗakin Iya Ƙande, cikin 'yar inuwar da katanga ke bayarwa da safe kafin ranar bazara ta cinye ta. Tsohuwar tana kan tabarma, ta jingina bayanta da gwiwoyin Rifkatu, kuma Rifkatu tana jin ƙasusuwan bayan nan ɗaya bayan ɗaya ta cikin zane. Rabin kan ya tsefu, furfura ta tashi buzu-buzu kamar audugar rimi. Ɗaya rabin yana nan yadda yake.

Rifkatu matar Mushe Mainassara ce, malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka turo Bande daga wajen Maraɗi; Mushe ake ce wa malamin boko a nan. Gidansu kaɗai ne na Kirista a unguwar, kuma katanga ɗaya ce tsakaninsu da Iya Ƙande. Ranar da suka sauka, ita ce ta fara miƙo ƙwaryar fura ta kan katangar, ba ta ko tambayi sunansu ba. Maza ta haifa duka. Biyu sun riga ta gidan gaskiya, na ukun, Ukasha, yana Aljeriya yana aikin gini, sai ta wayar Rifkatu take ganin fuskarsa. Da yake ba ta da 'ya mace, kitsonta ya koma hannun Rifkatu. To, tun da ciwon ƙirji ya kwantar da ita ba ta iya zaman kitso. Tsohon kitson ya daɗe, ya dunƙule, ya haɗe da gumi da ƙasa, ita kuwa ta ɗaure shi da kallabi ba ta yarda kowa ya gani.

Sai da safen nan ta yi kira ta kan katanga, murya can ƙasa. Rifkatu ta shigo sanye da zanen zumuntar mata, sabo fil, ya sha guga.

"Tsefe mini kai, 'yar Lahadi," ta ce. Haka take kiranta.

"Yau, Iya? Ki bari sai na dawo, in tsefe, in wanke, in yi miki shuku irin na amare."

"Ba kitso nake so ba. Tsifa kawai. Ranar da Huraira mai wankan gawa za ta kwantar da ni ta yi mini wanka, ba na so ta buɗe kallabi ta tarar da gidan tsuntsu. A ce Ƙande, wadda ta yi wa rabin matan garin nan kwalliyar aure, ta tafi da kai kamar na mahaukaciya."

Rifkatu ta yi dariya, don Iya Ƙande ta saba sanar da mutuwarta duk shekara, da damina da rani. Amma ta ɗauko kibiya da man kaɗanya ta zauna. Sai ga shi aikin ya fi yadda ta zata. Kowane layi sai ta jiƙa shi da mai, ta bi shi a hankali, tsohuwar tana cije baki.

Odar ta sake tashi, wannan karon doguwa.

Ba ƙaramar rana ba ce a wurin Rifkatu. Matan majami'arsu ta garin Magarya sun daɗe suna koyon wata waƙa, an ɗauko mai ɗaukar bidiyo tun daga Damagaram, kuma ita ce mai bayarwa, sauran suna amshi. Za a sa a WhatsApp, a sa a Facebook. Mahaifiyarta can Maraɗi ta riga ta gaya wa kowa.

"Iya, da la'asar ina nan. Kafin ki gama sallah kin gan ni."

Rifkatu ta kai hannu za ta zare kibiyar, sai Iya Ƙande ta riƙe mata yatsu.

"Bar ta nan. Jingina ce. In kibiyarki tana kaina dole ki dawo." Ta ja kallabi ta rufe kan duka, har da kibiyar. "Je ki yi musu waƙar. Ki buɗe baki da kyau, kar ki ba mu kunya a talabijin."

"Ba talabijin ba ce, Iya, waya ce."

"Duk tsiyar ɗaya ce. Allah ya kiyaye hanya."

A harabar majami'a an jera su ƙarƙashin dogon yaro, su da tukwanen kiɗa da caki. Mai bidiyon saurayi ne mai baƙin tabarau, kuma abin da ya fara cewa shi ne kowa ta kashe wayarta, don jiya a wani wuri ƙarar waya ta ɓata masa aiki. Rifkatu ta kashe tata ta jefa a jaka.

Suka yi waƙar, ya ce wata ta kalli ƙasa. Suka sake, jaki ya yi kuka a bayan katanga. Suka sake, ya ce murmushin bai isa ba.

"Ɗana, mu waƙa muka zo yi wa Ubangiji, ba tallar man goge baki ba," in ji uwar zumunta, mata suka kwashe da dariya.

Waƙar a kan maƙwabci take, wanda aka ce a ƙaunace shi kamar kai. Rifkatu ta rera ta sau da yawa har kalmomin sun zama kamar ruwa a bakinta. Amma a wani ɗauka, da mai bidiyon ya ce ta ɗaga hannu sama, sai ta ga wani dogon farin gashi ya naɗe a zobenta. Muryarta ta ɗan karye. Ta yi sauri ta gyara, ba wanda ya lura. A ranta ta ce, ya Ubangiji, ka riƙe mini ita zuwa la'asar. Daga nan ta ci gaba da murmushi yadda aka ce.

Rana ta take tsaka kafin mai bidiyon ya ce ya yi. Mata suka taru a kansa, kowa tana son ganin kanta a ɗan gilashin. Rifkatu ta koma gefe ta kunna waya. Kiran mijinta ne jere, ya cika fuskar wayar. Kafin ta danna, wani ya shigo.

"Kina ina?" in ji Mainassara. Bayansa tana jin muryoyin maza.

"Yanzu muka gama. Lafiya?"

"Iya ce. Huraira ta kai mata kunu da hantsi, ta tarar... Rifkatu, Iya ta cika. An gama haƙa kabari ma. Gajere, ƙanen mijinta, ya ce da an yi azahar za a kai ta."

A garinsu ana jiran dangi, a kwana ana waƙa a gidan mamaci. Nan kuwa ta sani sarai ba a jira. Wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar ƙasa ta rufe shi.

"An yi mata wanka?"

"Ban sani ba, ina waje. Tsaya, ga Huraira ta leƙo."

Huraira ita ce mai wankan gawar mata a unguwar, mace mai kaurin murya wadda ba ta iya magana a hankali. Amma yau a hankali ta yi.

"Matar Mushe, na ga kibiyarki. Ban buɗe ba, na dai taɓa na ji. In za ki zo, ki zo yanzu."

Rifkatu ba ta yi wa kowa sallama ba. Mota ba ta cika ba a tasha, sai ta hau babur ɗin kabu-kabu. Ɗan kabu-kabun ya so ya yi mata hira, ya ga fuskarta a madubi, sai ya ƙara wuta kawai. Iska mai zafi tana dukan idonta, hawayen suna bushewa kafin su kai kumatu. Gonaki fayau a dama da hagu, an share su ana jiran ruwa. Ta yi ta addu'a, amma addu'ar ta ƙi haɗuwa, sai kalma ɗaya take maimaitawa: rabi, rabi na bari.

A ƙofar gidan maza sun cika tabarmi, makara tana jingine da bango. Mainassara yana cikinsu a can gefe, ƙafafunsa duk jar ƙasa, da alama da shi aka je haƙa. Malam Gajere, ƙanen mijin Iya Ƙande, yana tsaye a bakin zaure yana magana da ƙarfi don na ciki su ji.

"Wai me ake jira ne? Rana tana yi, zafi ne fa! Tun ɗazu ake cewa ruwa, ruwa. Rijiya za ku haƙa?"

"Ganyen magarya ake dakawa, Malam," muryar Huraira ta fito daga ciki.

"Ɗazu kin ce an daka!"

"Bai yi laushi ba."

Rifkatu ta sunkuyar da kai ta wuce ta gabansu da zanenta mai rubutun zumunta, tana jin idanu a bayanta. A tsakar gida mata sun zauna jugum. Ga ruwa a manyan ƙore biyu, ya daɗe da hucewa. Ga turmi, ganyen ciki ya zama gari tun tuni, wata yarinya tana ta ƙwanƙwasa taɓarya a kai don a ji daga waje. Ga likkafani a ninke a kan faifai.

Huraira ta kama hannunta ta ja ta zuwa ɗaki. Wata dattijuwa da ke zaune a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa ta tare.

"Huraira, wannan fa? Ba a shiga da wanda ba na sallah ba."

"Ba a fara wanka ba tukuna, Inna. Wanka namu ne, ba wanda zai karɓe mana. Aikin da ta fara da safe za ta ƙarasa, mai kan ce ta sa ta."

Dattijuwar ta dubi Rifkatu. Ta janye ƙafar.

An kwantar da Iya Ƙande a kan tabarmarta, an rufe ta da zane har wuya. Ta ƙara ƙanƙanta. Kallabin yana nan ɗaure yadda ta ɗaure shi da kanta, da ɗan tudun kibiyar a gefe. Huraira ta saki labulen ƙofa, ta juya baya, ta zauna tana fuskantar bango tana jan carbi.

"Ni ban ga komai ba," ta ce. "In kin gama ki gaya mini."

Rifkatu ta durƙusa a wajen kan. Ta kwance kallabin. Kwalbar man kaɗanyar tana inda ta bar ta, ko rufewa ba a yi ba. Ta ɗaga kan a hankali ta ɗora a cinyarta, ta zare kibiyar, ta lakato mai.

"Na dawo, Iya," ta ce. "Ban kai la'asar ba ma."

Ta kama layin da ta tsaya a kai. Ya fi na safe sauƙi, don yanzu ba mai cije baki, kuma wannan ne ya sa kukan ya ƙwace mata. Duk da haka ba ta ja da ƙarfi ba. Ta bi kowane ƙulli da yatsa kamar mai kan za ta ce wash. Daga waje Gajere ya sake ɗaga murya, taɓarya ta amsa masa. Can ƙasan maƙoshinta Rifkatu ta ji waƙar ɗazu tana fitowa, ba kalmomi, sautin kawai, ba bayarwa ba amshi. Carbin Huraira yana tafiya a gefe guda, ƙwaya bayan ƙwaya. Ba wadda ta ce wa wata ta yi shiru.

Da layin ƙarshe ya warware, ta shafe kan duka da mai, ta taje shi baya da yatsunta har ya kwanta, fari tas, mai laushi. Ta sauke kan a kan tabarma.

"Na gama."

Huraira ta juyo. Ta daɗe tana kallo.

"Kai, Ƙande," ta ce. "Ashe haka gashinki yake da yawa." Ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗaga murya yadda ta saba. "A kawo ruwa!"

Rifkatu ta fito, ta bi ta tsakanin mata ta koma gidanta. Ta zauna a gindin katangar nan ta tsakiya, inda ƙwaryar fura ta saba ɓullowa. Ta ji zubar ruwa. Ta ji an shigo da makara, an fita da ita. Ta ji kabbarar maza a waje, sannan takun ƙafafu ya yi nisa, unguwa ta yi tsit.

Wayarta ta yi ƙara a jaka, ta sake yi, ta sake. An fara turo guntayen bidiyon, mata suna ta sa hannayen tafi da jajayen zukata. Ba ta buɗe ba. Akwai kiran da ke jiranta zuwa Aljeriya, ta san ita za ta yi shi, amma ba yanzu ba.

Kibiyar tana hannunta har yanzu. Farin gashi ya naɗe a bakinta, yana ƙamshin man kaɗanya. Rifkatu ta warware shi a hankali, ta naɗe a yatsa, ta tura shi cikin wata 'yar tsaga a jikin katangar, yadda Iya Ƙande take yi duk ranar kitso don kada iska ta ɗauka.