Hoton Ɗana a Ƙofar Asibiti

Kunnen jikata Kiarna ya daɗe yana zubar da ruwa. Ruwa nake cewa don kunya, amma mugunya ce, mai warin da ko karenmu ba ya yarda ya kwanta kusa da matashin kanta. A makaranta malamar ta mayar da ita kujerar baya, wai ba ta da kai. To ina kai zai fito ga yarinyar da ba ta jin abin da ake faɗa? A gida ma sai na taɓa kafaɗarta take juyowa.

Likitocin kunne 'yan sa-kai kan zo mana sau ɗaya a shekara, da sanyi, idan hanyar birnin Alice Springs ta bushe. Bara sun duba ta suka ce a bari ta ƙara girma. Ubanta ne ya kai ta, ɗana. Kafin su dawo mota ta kife da shi, ya rasu. Muka shafa farar ƙasa, muka tashi daga gidan da yake kwana, sunansa ya fita daga bakin kowa. A al'adarmu dai mamaci ba a kiran sunansa, ba a kallon hotonsa.

Ranar da likitocin suka iso bana na bar jelar kangaru, naman dajinmu, tana gasuwa a cikin garwashi, na wanke Kiarna, muka kama hanya da ƙanwata Doreen. Doreen ce a gaba. Sai na ga ta juyo, tafin hannunta a kan ido, ta ce kada in ƙarasa. An manna hoton ɗana a ƙofar asibiti, ya fi mutum tsayi. Yana dariya, yana riƙe da yarinyar, an karkata kanta yadda kunnen zai fito sosai, har da ƙudan da ke kai. Shi ya sa mutanen gari duk suka taru a gindin bishiya, kowa ya ba asibitin baya.

Wani Gavin ya fito. Shi ba likita ba ne, shi ke shirya musu tafiya, kyamara rataye a wuya. Yana murmushi ya ce sun ji labarin rasuwar, don haka suka ƙara wa hoton girma, wai karramawa. Har ya buɗe baki ya kira sunan, a gabana.

Doreen ta tofar da yawu. "Kai ɗan nan, a garinku haka ake yi? A rataye mamaci a ƙofa, a ce wa uwarsa bismillah?"

Ya ba da haƙuri, ya ce zai cire, amma sai sun gama ɗaukar bidiyo da yamma, domin masu taimaka musu a birni da wannan hoton suka san mu. Ai har a jikin motocin haya yake, in ji shi, yana faɗa kamar albishir. Wato tun bara ɗana ke yawo a titunan da bai taɓa takawa ba, mugunyar jikata tana nema musu suna.

Doreen ta ce mu koma, su ɗauki hoton kujeru. Ni ma haka na so. Amma gobe da safe za su tafi, sai kuma baɗi. Na tsaya bayan Kiarna na kira ta, na sake kira. Ba ta juyo ba.

Na cire ɗankwalina na rufe mata kai, na rungume ta a ƙirji, na juya baya, na runtse ido, na fara tafiya da baya-baya. Doreen ta riƙe ni a kafaɗa, idonta a ƙasa.

"Dama kaɗan, yaya. Ga mataki nan. Tsohuwar motar maƙwabcinmu Wesley ma ta fi ki iya ribas."

A ciki muka sami likitar kunnen, Dakta Rosalind, zaune tun safe, tana mamakin rashin mutane. Da Doreen ta gaya mata dalili, fuskarta ta yi ja, ta fita ta nufi hoton. Muka ji ƙarar yagar takarda. Ta dawo ta wanke hannu ta duba yarinyar: kunnuwan duka biyu sun huje a ciki. Ta share mugunyar, ta ɗiga magani, ta ce za a yi aikin a birni kafin zafi ya shigo. Kafin nan ta ɗaura mata wata 'yar na'urar ƙara ji a bayan kunne. Kiarna ta ɗaga kai tana neman inda ƙarar fanka ke fitowa.

Muna fita na tarar da mutane sun fara shigowa, Gavin kuma yana nuna wa abokinsa wani abu a kyamara. Ni ce, ina tafiya da baya, da yarinya a rufe. Ya ce bai taɓa ganin abin da ya taɓa masa zuciya haka ba, yana son sunana ya rubuta a ƙasa.

Warin matashin kan Kiarna na ji a hancina. Na ce masa a hankali, "Jira in mutu tukuna, ɗan nan. Na ga matattu ka fi iya ɗauka."

Kiarna tana gabana, ta ba ni baya. Sai ta juyo.

"Kaka, na ji ki."