Taurarin da Aka Ɓoye wa Inna

Ranar da aka cire wa Inna bandeji daga ido, ta ga likita, ta ga agogon bango, ta ga furfurar da ta cika kan babban ɗanta ba da saninta ba. Duk wannan bai ɗaɗa ta da ƙasa ba. A mota tambayarta ɗaya ce, ko za su isa ƙauye kafin duhu. Tun da yanar ido ta rufe mata gani shekarun baya, ba abin da take kewa kamar taurari. A tsakar gidan nan ta saba shimfiɗa tabarma ita da marigayi mijinta, suna kallon sama har barci ya sace su.

Abin da ba a gaya mata ba shi ne, tana cikin lalube ɗan nata ya dawo daga birni ya gina gidan mai a jikin katangarsu. Ya kafa fitilu a kan dogayen turaku, irin waɗanda ke ruɗa zakara ya yi cara ba lokaci ba. Maƙwabta suka ga abin birgewa, kowa ya rataya tasa a ƙofar gida.

Da duhu ya yi, Auta, ƙaramar 'yarta, ta shimfiɗa mata tabarma. Inna ta zauna ta ɗaga kai. Sama ta yi fari-fari kamar ruwan wanki. Ta goge ido da bakin zane ta sake dubawa.

"Ina taurarin?"

Ɗan yana gefe yana danna waya. Ya san amsar sarai. Ya kuma san uwarsa: in ta gane, gobe za ta ce a kashe fitilun, shi kuwa direbobin manyan motoci don hasken nan suke tsayawa wurinsa. Ko kai bai ɗaga ba.

"Ga su nan birjik, Inna. Idon ne bai gama warkewa ba."

Auta ta buɗe baki, ya watsa mata harara. Daga baya ya tare ta a madafa ya tuna mata wa ke ciyar da ita da 'ya'yanta. Ta sunkuya ta ci gaba da hura wuta.

Abin haushi, tsohuwar ta yarda. Matar da ke zura zare a allura da rana tsaka, ita ce ke cewa idon nan na ƙarya ne, likita ya cuce ta. Kullum da yamma ta fito ta duba, ta koma ɗaki jiki a sanyaye. Jikoki suka mayar da abin wasa. Su nuna sama su ce, "Kaka, ga wata can ƙatuwa, ba ki gan ta ba?" sannan su sheƙe da dariya, alhali su ma ba su san yadda cikakkiyar sama take ba. A hankali ta daina ɗiga maganin idon da likita ya ba ta. Ta koma bin bango da hannu, ta daina fitowa.

Wata rana, duhu bai daɗe da yi ba, aka ɗauke wuta. Ƙauyen ya yi baƙi ƙirin, sama ta cika maƙil, tauraro kan tauraro. Yaran suka tsorata suka maƙale wa uwarsu. Auta ta ture su ta faɗa ɗakin Inna tana lalube.

"Inna, tashi. Don Allah tashi ki gani."

Tsohuwa ba ta sauri. Sai da ta tambayi abin da ya faru, ta nemo takalminta ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado, ta ɗaura ɗankwali. Auta na jan hannunta tana kuka. Suna kaiwa bakin ƙofa suka ji muryar ɗan ta bayan katanga yana zagin mai gadi, sai janareta ya tashi. Tsakar gida ta haske fes.

Inna ta ɗaga kai ta daɗe tana dubawa. Sannan ta zare hannunta daga na Auta.

"Har da ke za a yi mini wasan? Mayar da ni ɗaki."