Fitilun Motar Ishaku

Duk tashar Dogon Dutsi an san Ishaku da abu biyu: bai taɓa buge ko kaza ba tun da ya fara jan mota a hanyar Dogon Kiriya, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. In fasinja ya kuskura ya ce a ƙara wuta, to ya jawo wa kansa, don sai ya sha tarihin nan har a isa Matankari. Motar tasa ce, ita ke ci da gidansa, kuma in ka raba shi da sitiyari bai san abin da zai yi da hannuwansa ba.

To, ran nan da sassafe, gari bai gama wayewa ba, ya wuce Matankari kaɗan sai ga shanu cike da hanya. Bai gan su ba sai da fasinjoji suka ɗauki salati. Ya taka birki, mota ta tsaya hancinta na shafar cinyar wata karsana. Makiyayin ya dube shi kawai, ya kaɗa shanunsa. Kallon nan ya fi zagi yi masa ciwo.

Da ya dawo gida sai ya ɗora wa fitilu laifi, kuma in za a bi gaskiya sun ci a zarge su. Robar gabansu ta yi rawaya, ta dushe kamar tsohuwar gorar man gyaɗa. Shi ma ya taya rana ɓata su, don ya daɗe yana shafa musu man birki yadda direbobin tasha ke yi, su yi fes na 'yan kwanaki, su dawo sun fi da muni. Ɗanmalam mai gyaran jikin mota ya yi masa tatas a kan haka, sannan ya ba shi takardun gurza, masu kaushi da masu laushi, da gwangwanin ruwan fesawa mai kare roba daga rana, ya koya masa yadda ake yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ajiye mota a inuwar bishiyar bedi ta ƙofar gida. Matarsa Dije ta fito da bokiti da buta. Ya wanke fitilun da sabulu, ya jiƙa takarda mai kaushi ya hau gurza, ita kuma tana tsiyaya ruwa kada robar ta bushe. Ruwa mai rawaya ya dinga gangarowa yana ɗiga a ƙasa. Ba a jima ba Dije ta ce ya ba ta nan, tun da aka kawo ta gidan take darzar tukwane, ba ta ga abin da fitila za ta nuna mata ba. Ya ba ta yana gunaguni.

Da fitilar ta koma fara fat kamar an zuba mata nono, Dije ta tsorata, ta ce sun kashe ta. Ya ce haka Ɗanmalam ya ce za ta yi, a ci gaba da mai laushi, a bi gefe guda, kada a yi gaggawa. Suka ci gaba. Can ta lura in zai duba aikin ba ya kallo, sai dai ya shafa da yatsu. Suka gama da man goge baki da tsumma mai laushi, suka ɗauraye, suka bari ta bushe, ya fesa ruwan gwangwani. Dije ta ce har ƙwan da ke ciki tana gani. Ishaku ya ji daɗi ƙwarai, ya ce gobe shanu za su san da shi.

Bayan magariba ƙanensa Jibrilla ya zo a kan babur ɗinsa na kabu-kabu. Yana da farmi, wato lasisin tuƙin mota, amma yayan bai taɓa barinsa ya ja wannan ba. Ishaku ya juya hancin motar ya fuskanci lungu, ya kunna fitilu, ya fito ya tsaya tsakanin Jibrilla da Dije.

Jibrilla ya ce kai, wannan ai sababbi ne, ga akuyar maƙwabta can kwance gindin katanga, har igiyar wuyanta. Dije ta ce ga ɗan akuyar ma a bayanta. Ishaku ya duba. Haske kam akwai, ya fi na da nesa ba kusa ba, amma ya bazu ya yi dishi-dishi, ba akuya ba katanga. Ya murza ido ya sake dubawa.

Ya tsuguna gaban fitilar ya ɗaga fuska. "Dije, zo ki duba min idona."

"Ba sai na duba ba, Malam," in ji ta a hankali. "Yanar ido ce. Tun damanar bara nake ganinta. Na ce bari mu gama da na motar tukuna."

Ta ce ta tambaya, ana cire ta a likita, mutane na warkewa. Ya daɗe a tsugune, sannan ya tashi ya kashe motar, ya zare makulli, ya laluba hannun ƙanensa ya danƙa masa.

"Bayan sallar asuba. Kada ka makara."

Washegari Ishaku ya zauna a kujerar da bai taɓa zama ba a motarsa, hannuwansa kan gwiwa. Da suka wuce Matankari ya gyara murya.

"Gaba kaɗan akwai rami, ka bi hagu."

Tun kafin ya buɗe baki ya ji motar ta riga ta karkata hagun.

"To, Yaya," in ji Jibrilla. "Sai ina kuma?"