Ranar da Mai Duba Ya Zaɓa

Ungozoma Kuo na goge man da ta shafa a kan cikin Pei-shan lokacin da uwar mijin Pei-shan, tsohuwa Lai, ta turo ƙofa da robar miyar kifi a hannu.

"Har yanzu yaron a zaune yake, bai juya ba," in ji ungozomar. "Tiyata dai ba makawa."

"Ai mun riga mun shirya," tsohuwar ta ce. "Mai duba ya zaɓa mana Alhamis mai zuwa. Ya ce duk yaron da aka haifa ranar, arziki zai riƙa binsa har ɗaki."

Pei-shan ta sunkuyar da kai. Tun daga haikalin da suka ga mai duban take haɗiye damuwarta, don dai tsohuwar nan ta riƙe ta kamar 'yar cikinta.

Kuo ta jawo kujera, ba ta yi dariya ba. "Mama, Alhamis ta yi wuri da mako biyu. Huhu ne ƙarshen nuna. Yawancin jariran da aka ciro a irin wannan lokaci lafiya lau suke, ba zan tsorata ki ba. Amma an bi dubban haihuwa an duba, sun fi waɗanda aka bari suka cika lokaci shiga kwalba saboda numfashi."

"Sun fi?" tsohuwar ta harare ta. "Ke ma ashe duba kike yi, naki da farar riga!"

"Haka ne. Sai dai ni ba na yin alkawari."

Pei-shan ta ɗago. "Anti Kuo, da ke ce, ya za ki yi?"

"Cikin ba nawa ba ne, 'yata. Na faɗa miki abin da aka sani. Ke ake jira."

Pei-shan ta kamo hannun surukarta ta ɗora a kan cikin, daidai inda kan yaron ya tokare haƙarƙarinta.

"Mama, duk cikin makon da zai cika lokacin babu rana mai kyau ko ɗaya?"

Tsohuwar ta daɗe tana kallon robar miya. "Akwai Talata," ta ce a hankali. "Amma ya ce ɗan Talatar ba mazauni ba ne. Zai girma ya yi nisa da gida, ya bar mu."

Yaron ya motsa a ƙarƙashin tafin hannunta.

"Talatar nake so, Mama," in ji Pei-shan. "Ya fara numfashi da kansa tukuna. In ya so, ya je duk inda zai je."

Tsohuwar ba ta janye hannunta ba.