Tallar Malam Ishaku Mai Nama

Ni ban iya kwamfuta ba, gara in faɗa tun yanzu. Baki na iya. Abokina Pwajok ne mai kwamfuta, ni Gwadabe ni ne mai yawon rana. A 2006 muka buɗe shafinmu na intanet, Kan Dutse, muna sa labaran Jos, farashin kasuwa, bukukuwa da sanarwar rasuwa. 'Yan Jos da ke Legas da Abuja da ƙasashen waje su ne masu karantawa, sai ma'aikatan da suke da intanet a ofis.

Da farko Pwajok ya jona mu da wani kamfanin ƙasar waje mai zuba talla a shafukan mutane. Wata shida ana tallar inshorar mota ta Turawa a kan labarin farashin dankali a kasuwar Farin Gada, ko kuɗin kati ba mu gani ba. Na ce masa, "Mutumina, cire wannan shirme. Ga masu shago cike da gari, ni zan je in same su da ƙafata."

Haka muka raba shafin gida uku: sama, gefe da ƙasa. Sama ya fi tsada, shi ido yake fara gani. In shagon Musulmi ne ni nake shiga gaba, Pwajok yana baya da kyamara. In na Kirista ne shi zai fara gaisuwa, sannan ya sakar mini filin. Ofishinmu kuwa teburi ɗaya ne a lungun wani kafe, shagon hayar intanet, a unguwar Rikkos, nan kwamfutarmu take, nan kyamarar take kwana.

Wanda ya fi ba ni wahala a duk masu tallata shi ne Malam Ishaku, mahauci a mayankar Abattoir. Sau biyar ina zuwa. Yana sara ƙashi yana saurarena, in na gama ya ce, "To Malam Gwadabe, wannan allon naku a wane titi yake? In je in gani." In ce ba a titi yake ba. Ya ce, "Allon da ba ya titi, aljanu ne za su karanta?" Sauran mahauta su kwashe da dariya, ni kuma in tafi ina zaginsa a zuci. A zuwa na shida na ce masa matan manya na Rayfield ba sa son shiga cikin jini da ƙuda, amma mazansu suna da intanet a ofis. Ya ajiye wuƙa. A watan Agusta na 2008 ya sayi saman shafi na shekara guda cur.

Ranar ɗaukar hoto sai da ya sa muka jira ya wanke hannu, ya canza riga, ya karyo hula. Pwajok ya haɗa tallar mai motsi: da farko rubutu ya fito, Ishaku Mai Nama, da lambar waya, bayan daƙiƙa uku sai ga shi yana riƙe da cinyar sa yana dariya, giɓinsa a waje. Da muka nuna masa a kafe ya dinga taɓa allon da yatsa yana cewa, "Kai! Ga ni, na tafi, ga ni na dawo!" Wata ukun da suka biyo baya otal biyu suka fara sayen nama a wurinsa. Duk ranar da na biya ta wajensa sai ya ƙulle mini hanta a takarda.

Sai ranar Juma'ar nan ta ƙarshen Nuwamba, ranar da rikici ya ɓarke. Ba zan ba da labarinta ba, wanda yake Jos ya sani, wanda ba ya nan ba zai gane ba. An kashe Malam Ishaku a hanyarsa ta dawowa gida. Gidansa na Rikkos ya ƙone ƙurmus. Kafenmu ya ƙone da kwamfuta da kyamara. Pam, ƙanin Pwajok, shi ma bai dawo ba. Bayan an binne shi Pwajok ya tattara ya koma ƙauyensu, ya turo mini lambobin sirrin shiga shafin ta saƙon waya, da kalma uku: "Ka riƙe. Nagode."

Shafin kuwa bai san an yi komai ba, don ba a Jos yake zaune ba. Da aka sassauta dokar hana fita na shiga wani kafe a titin Bauchi, na buɗe. Ga Malam Ishaku yana dariya da cinyar sa. Na tashi na fita ban cinye lokacina ba.

Matarsa Rabi tana takaba a gidan yayanta a Unguwar Rogo. Na je ta'aziyya, ina zaure tana bayan labule. Bayan addu'a ta ce, "Malam Gwadabe, wai gaskiya ne hotonsa yana nan a wajenku?"

Na ce, "Yana nan, Maman Salma."

Ta ce, "Ba mu fita da komai ba. Hotunan aurenmu, na suna, katin zaɓensa, duk sun tafi. 'Yan uwansa na ƙauye ba su da ko ɗaya. Salma shekararta huɗu, jiya ta ce mini wai Baba yana da gemu ko babu."

Na ce zan buga mata a takarda. Na buga kuwa, har sau uku, amma firinta rubutun farko kawai take fitarwa, suna da lambar waya, ba fuska. Na koma na yi mata bayani: sai an zauna gaban allo, rubutu ya fara fitowa, a ɗan jira, sannan shi ya bayyana. Ta ce, "To a bar mini shi. Ranar da na fita takaba, can zan fara zuwa da yarinyar." Na ce, "Wallahi yana nan yana jiranku." Da bakina na rantse, ba wanda ya sa ni.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ban sayar da ko gefen shafi ba. Wa zai yi talla? Rabin masu tallata shagunansu toka ne, rabin kuma suna unguwannin da ba na iya shiga ba tare da Pwajok ba. Ga kamfanin da yake ajiye mana shafin ya aiko cewa in ba a sabunta ba a watan Maris zai rufe. In ya rufe, Malam Ishaku ma ya tafi.

Ana haka wani Oga Fredrick ya kira ni. Ya gina sabon masauki a Rayfield, yana son 'yan Abuja su san gari ya lafa su zo hutun Ista. Na hau acaɓa na je, ana tsayar da mu a kowane shingen sojoji. Mutumin kirki ne, ya ba ni lemo. Na baje masa baki a kan gefen shafi, na yabi gefe kamar ni na haife shi. Ya saurara, ya ce, "Malam, ni sama nake so. Wanda yake wurin yanzu, na kira lambar, ba ta shiga."

Na ce, "Yallaɓai, mai wurin ya rasu."

Ya ce, "Allah ya ji ƙansa. To wa zai sayar wa nama?"

Haushi ya kama ni. Wurin na Malam Ishaku ne har Agusta, ya biya. Amma na zauna a kujerar nan mai laushi na shirya wa kaina magana mai daɗi: in na sayar, shafi ya rayu, hoton kuma in adana shi a gefe in nuna wa Rabi. Kowa ya samu. Na miƙa hannu muka tafa.

Na kira Pwajok, karo na farko tun Disamba. Muryarsa kamar ta wani baƙo. Ban ce masa Mutumina ba, shi ma bai ce ba. Na tambaye shi yadda ake canza tallar sama. Ya ce abin da yake yi kullum shi ne ya sa wa sabuwar talla sunan tsohuwar, in ya tura sai ta hau kanta, ba sai an taɓa komai a shafin ba. "Amma ka adana tsohon tukuna," ya ce. "In sabo ya hau, tsoho ya mutu."

Na ce, "Na sani."

Ban sani ba. Tambaya ɗaya ce, in ce yaya ake adanawa, amma yadda yake amsa mini a gajarce ya sa na ji kamar roƙo nake. Ni da na koya masa shiga kasuwa? Na ce sai an jima, na kashe.

Na sayi filashi sabo fil, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a adana abu. A kafe na buɗe tallar ita kaɗai, na kama 'yar alamar da take saman allo kusa da adireshi, na ja ta da linzamin kwamfuta na jefa cikin filashin, kamar yadda na sha ganin Pwajok yana jan abubuwa. Ta shiga. Na cire filashin, na koma wata kwamfutar, na soka, na danna. Ga Malam Ishaku, ga giɓi. Na gwada a ta uku, ya fito. Har na yi wa kaina kirari a zuci. Sannan na tura tallar Oga Fredrick, wadda yaransa suka haɗa suka ba ni, ta hau. Filashin na naɗe shi a leda na sa a aljihun rigar Sallah, ban ƙara taɓa shi ba, don kada ya kwashi cutar kwamfutocin kafe. Da na ari waya mai kyamara na ɗauki allon, da shi ke nan. Ban yi ba, don a ganina abu yana hannu.

Farkon Afrilu Rabi ta fita takaba. Washegari da hantsi suka zo kafen titin Bauchi, ita da Salma. An yi wa yarinyar kitso, an sa mata kayan da suka fi kyau, sababbi ne amma sun yi mata yawa. Na sayi minti talatin, na jawo musu kujera, Rabi ta ɗora Salma a cinya. Na kwance ledar a gabansu a hankali, ina jin kaina wani mai amana.

Na soka, na danna.

Rubutu ya fito, shuɗi, da Turanci. Bayan daƙiƙa uku sai ga wurin ninƙaya da kujeru farare. Bayan shi Oga Fredrick cikin kwat, ya buɗe hannu yana murmushi.

Salma ta nuna da yatsa. "Wannan ne Baba?"

Rabi ta ce, "A'a, jira. Malam Gwadabe ya ce sai an ɗan jira."

Na sake dannawa. Na cire na soka a wata kwamfutar. Oga Fredrick. Na ce ina zuwa, na fita bayan kafen inda janareta yake ruri, na kira Pwajok. Na gaya masa abin da na yi daki-daki, ina ihu saboda ƙara.

Ya bari na kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Gwadabe, ba hoton ka adana ba. Hanyar zuwa wurin ka adana. Duk abin da yake zaune a wurin, shi za ta nuna maka."

Na ce, "To a dawo da shi! Kai ka san yadda ake yi!"

"Kamfanin suna ajiye tsohon abu kwana bakwai. Yau sati nawa?"

Sati biyar ne. Na ce, "Ba ka da shi a wani wuri? Ko a akwatin saƙonka?"

"Duk yana cikin kwamfutar Rikkos," ya ce. "Hotunan Pam ma suna ciki." Ya ja numfashi. "Me ya sa ba ka tambaye ni ba, Mutumina?"

Nan na tsuguna jikin bango, hayaƙin janareta yana dukan fuskata, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a Nuwamba. Na tsani kaina, na tsani bakin nan nawa da ya iya sayar da komai amma ya kasa tambaya ɗaya. Wutar da ta ci gidan mutumin ba ta kai ga hoton nan ba. Ni na kai.

Na wanke fuska da ruwan leda na koma ciki. Suna nan yadda na bar su. Rabi ta matso da kujera daf da allon, ta riƙe hannun Salma, idonta ko ƙiftawa ba ya yi. Rubutu, wurin ninƙaya, mutum mai kwat. Rubutu, wurin ninƙaya, mutum mai kwat. Leɓenta yana motsi, ƙirga zagayen take yi. Na tsaya a bayansu na buɗe baki, ni Gwadabe da na shawo kan mahautan Abattoir, ko kalma ba ta fito ba.

Lokaci ya ƙare, allon ya rufe, ya koma neman lambar tikiti. Salma ta ce, "Ya tafi?"

Rabi ta juyo ta dube ni. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da naira ɗari a nannaɗe, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Malam Gwadabe, a ƙara mana minti talatin," ta ce. "Wataƙila layinsa bai zo ba tukuna."