Madannin Baba Tela

Nas ta cafke hannun auta daidai lokacin da yatsanta ya sauka kan madannin.

"Wa ya ce ki taɓa?"

"Sista, ba ki ga Baba ya haɗe rai ba? Ciwo ne."

Na'urar rage raɗaɗi na rataye a gefen gado, siririn bututunta ya shige hannun tsohon tela. Dokarta ɗaya ce: mai ciwon dajin ne kaɗai zai danna in zafi ya taso. Nas ta duba allon na'urar. Danni goma sha tara tun safe, ga mutumin da ko ido bai buɗe ba. Kwana uku yana sharar barci, ashe 'yarsa ce ke zaune da madanni a cinya.

Ran nas ya ɓaci ƙwarai, amma da ta ga idon auta ya yi jawur sai tausayi ya kama ta.

"Ni dai kar ya sha wuya," in ji auta.

"Kin tambaye shi?"

Nas ta sanar da likita, suka jira. Sai yamma tsohon ya farka.

"Yau wace rana?"

"Alhamis, Baba."

"Alhamis? Litinin jikata za ta fara makaranta, ban yanka mata riga ba."

"Kana ta haɗe rai ne, shi ya sa nake danna maka."

"Ke dai Allah ya shirye ki. Shekara arba'in haka fuskata take in ina lissafin awo. Uwarki ma ta gaji ta ƙyale ni."

Nas ta faɗa masa gaskiya: in ya danna, barci na iya kwashe shi, in ya jinkirta, zafi zai zo. Zaɓi nasa ne.

"Ba ni abina," ya ce.

Washegari aka shimfiɗa yadi a teburin cin abincinsa, ga alli ga almakashi. Gumi ya keto masa. Auta ta zauna kan tafukanta don kar su ci amanarta. Nas ta riƙe masa bakin yadin, daɗi ya cika ta.

Da ya fitar da hannun riga na biyu, ya miƙa wa auta.

"Kai a ɗinka. A bar kalmasa da faɗi, yarinya tsawo za ta yi."

Sannan ya danna da kansa.

Can cikin barci ya sake haɗe rai. Auta ta dubi madannin, ta dubi nas.

"Ƙyale shi, Sista," ta ce. "Wando yake aunawa."